Malaman Yamai da Yaƙi da Mutuwar Mata Wajen Haihuwa: Ina Bincikensu Ya Kai?

A watan Janairun 2023, mujallar likitanci ta Lancet Global Health da ake bugawa a Landan ta fitar da sakamakon wani bincike da ya sa masana kiwon lafiya na duniya suka waiwayi Jamhuriyar Nijar. Binciken ya bi diddigin haihuwa kusan miliyan 1.4 da aka yi a asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙasar cikin shekara shida, daga farkon 2015 zuwa ƙarshen 2020. Ya nuna cewa matan da zubar jini ke kashewa bayan haihuwa sun ragu da fiye da rabi. Kafin a soma aikin da ya kawo wannan ragin, zubar jini ne sanadin kusan kashi 32 cikin 100 na mutuwar masu haihuwa a cibiyoyin lafiya. Daga baya adadin ya faɗo ƙasa da kashi 10. Masu binciken sun ƙiyasta cewa mata sama da 1,400 ne suka tsira da rayukansu a wannan tsakanin.

Ba a sayo wata na'ura mai tsada ba kafin a kai ga wannan. Ƙwayar magani ce, da kororon roba, da wata riga mai matse jiki, sai kuma zanen da mace ke zuwa da shi daga gida. Sai dai aikin bai faɗo daga sama ba. Bayansa akwai shekaru talatin na ƙirge da rubuce-rubucen likitocin Yamai, da hulɗarsu da takwarorinsu na Faransa, Amurka, Norway da arewacin Nijeriya. A jami'o'in Turai akan auna tasirin malami da yawan maƙalun da ya buga da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. A ƙasar da kusan kowane gida ya taɓa rasa mace a kan gwiwa, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne: shin abin da malamin ya gano ya isa hannun ungozomar da ke ita kaɗai a bakin aiki da ƙarfe biyun dare?

Girman matsalar

Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaicin lissafi, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. Wani binciken na 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6.2. Binciken 2012 ya kuma ce kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a cibiyar lafiya. A lokacin, mata 535 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta adadin 2020 a kan 441. An samu ci gaba, amma macen da za ta yi ciki shida ko bakwai, sau shida ko bakwai za ta tsallake wannan haɗari. Shi ya sa ake yi wa mai ciki addu'ar Allah ya raba lafiya, in ta sauka kuma a ce mata barka da arziki.

Tushen sanin abin da ke kashe matan a ƙididdige ya samo asali ne tun shekarun 1990. Daga ƙarshen 1994 zuwa tsakiyar 1996 an gudanar da binciken da aka fi sani da MOMA, wanda ya bi mata masu ciki sama da 20,000 a ƙasashe shida na Afirka ta Yamma, tun daga awon ciki har bayan haihuwa. Yamai na cikin biranen, tare da Abijan, Bamako, Nuwakshot, Wagadugu da wasu garuruwa biyu na Senegal. Likitan Faransa Alain Prual, wanda ya yi aiki a Yamai, yana cikin jagororinsa. Sakamakon ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100, kusan mata shida ne ke faɗawa cikin matsalar da za ta iya kashe su, kuma kusan rabinsu jini ne ya ɓalle musu. Doguwar naƙuda ce ke biye, sannan hawan jini da jijjiga. Waɗannan fa matan birni ne, waɗanda asibiti bai yi musu nisa ba. Tun daga lokacin ya tabbata cewa gina ɗakin haihuwa kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ake yi a cikinsa shi ne magana.

Malaman Issaka Gazoby

Duk mai son sanin halin da haihuwa ke ciki a Nijar sai ya leƙa Maternité Issaka Gazoby, babban asibitin haihuwa na ƙasa da ke tsakiyar Yamai. Nan ne ake turo duk wadda ta gagari sauran asibitocin birni da na karkara, nan ne kuma ɗaliban Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ke koyon aiki. A wannan asibiti Farfesa Madi Nayama, ƙwararren likitan mata wanda ya taɓa shugabantarsa, ya gina yawancin bincikensa.

Batutuwan da ya ɗauka su ne waɗanda motar asibiti ke saukewa a ƙofarsa kullum. A 2006, shi da abokan aikinsa sun buga maƙala a wata mujallar likitan mata ta Faransa kan matan da dole aka cire wa mahaifa domin a ceci ransu, galibi saboda mahaifar ta fashe bayan doguwar naƙuda ko kuma jini ya ƙi tsayawa. A 2007 suka fitar da wata kan mata 118 da mabiyiya ta rabu da mahaifarsu tun jariri bai fito ba, dukkansu cikin shekara guda. Wannan matsala ce da ke kashe jariri a ciki, ta kuma hana jinin uwa daskarewa. Sun kuma yi rubutu kan haihuwar 'yan mata masu ƙananan shekaru. Darasi ɗaya ke maimaituwa a cikin waɗannan rubuce-rubuce: mata na isowa a makare, an riga an ɓata sa'o'i a gida da kan hanya, ga ƙarancin jini a jikinsu tun kafin naƙuda, ga kuma ƙarancin jinin da za a ƙara musu.

Irin wannan bincike ba shi da ƙyalƙyali. Tattara takardun marasa lafiya ne, a ƙirga, a kwatanta. Amma da shi ne hukuma ke gane inda ya kamata a ajiye jini, da inda ake buƙatar motar ɗaukar mara lafiya, da irin horon da ya dace a bai wa ungozomomi. Akwai kuma tasirin da babu mai ƙirga shi. Kowane ɗalibin likitanci a Yamai sai ya rubuta kundin bincike kafin ya kammala, kuma da yawa daga cikinsu a ɗakunan haihuwa suke tattara bayanansu ƙarƙashin kulawar irin su Nayama da Farfesa Nafiou Idi. Waɗannan ɗalibai su ne yau ke riƙe da asibitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Difa.

Haka nan daga tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta ɗauki wani mataki da malaman tsangayar suka taka rawa a ciki: horar da likitocin da ba ƙwararrun fiɗa ba, na tsawon kusan shekara guda, domin su iya yin tiyatar gaggawa a asibitocin gundumomi, ciki har da ciro jariri. Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa sun bayyana sakamakon shirin a mujallar World Journal of Surgery a 2009. Amfaninsa a fili yake: macen da a da sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da ita, yanzu ana iya yi mata aiki a kusa da gida.

Yoyon fitsari da baƙin likitoci

Babu fannin da ya jawo wa Yamai abokan hulɗa daga waje kamar yoyon fitsari. Yadda ciwon ke samuwa sananne ne: idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan jariri na danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina ratsa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba a samunsa da rai.

A 2003, shekarar da Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da gangamin kawar da ciwon, wata ƙungiyar Amurka mai suna IOWD ta fara kawo tawagogin likitocin fiɗa zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, inda suka yi aiki da Dakta Abdoulaye Idrissa. Daga wannan haɗuwa aka samu maƙalu da dama. Ɗaya daga ciki, wadda ta fito a 2007 a mujallar ƙungiyar likitocin mata ta duniya, sunan Nafiou Idi ne a gaba, na Idrissa na biye, sannan na Amurkawa irin su Clifford Wheeless da René Genadry. A asibitin Lamorde da ke ƙetaren kogi kuwa, Farfesa Sanda Ganda, likitan mafitsara, ya daɗe yana ɗinke matan yana kuma horar da matasa. A gefe guda ƙungiyar Dimol, wadda Salamatou Traoré ta kafa a 1998, ta ɗauki nauyin saukar da matan da koya musu sana'a kafin su koma gida.

Ilimin bai zo daga ƙetaren teku kaɗai ba. A Babbar Ruga da ke Katsina, likitan Holand Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci masu yawa, kuma aikinsa ya tsallaka har Damagaram. Shi ne ya yaɗa dabarar sa wa mace robar fitsari da zarar an lura da yoyon, domin ƙaramin rami kan iya haɗewa da kansa ba tare da an yi fiɗa ba. A Danja kusa da Maraɗi an buɗe asibitin yoyon fitsari a 2012 da tallafin gidauniyar da Farfesa Lewis Wall ya kafa, Ba'amurken da ya zauna a ƙasar Hausa yana nazarin magungunan gargajiya tun kafin ya zama likitan mata.

Sai dai bincike mai kyau yakan ƙaryata na gabansa. Alison Heller, masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, ta bi mata 100 masu wannan ciwo a cibiyoyin Nijar, yawancinsu a Yamai. Ta gano cewa da yawa na shafe watanni suna jiran a yi musu aiki, wasu an yi musu sau da dama amma ba su bushe ba, kuma waɗanda suka warke sarai ba su kai yadda rahotannin neman tallafi ke nunawa ba. Ta kuma nuna cewa ba kowace ce danginta suka yasar ba, saɓanin labarin da aka saba bayarwa. Uwa musamman takan tsaya wa 'yarta. Wannan ya ƙara ƙarfafa ra'ayin cewa hana ciwon aukuwa ya fi ɗinki sauƙi da araha.

Daga Bankilare zuwa ƙasa baki ɗaya

A nan ne sunan Dakta Zeidou Alassoum ya shigo. Likita ne ɗan Nijar da ya jagoranci ayyukan ƙungiyar HDI a cikin ƙasa, tare da Dakta Anders Seim na Norway. Tunaninsu shi ne a aro dabarun da aka yi amfani da su wajen yaƙi da kurkunu: a kowane ƙauye a sami 'yan sa-kai, a riƙa kawo rahoto duk wata, a kuma sa ido kan alƙaluma kaɗan waɗanda kowa zai fahimta.

A 2008 suka gwada haka a yankin Bankilare da ke gundumar Tera a lokacin, inda mutane kusan 100,000 ke zaune a warwatse, manoma da makiyaya. An horar da mace da namiji a ƙauyuka, masu rubuta kowace mai ciki, su ƙarfafa ta zuwa awo, su kuma kira a zo a ɗauke ta idan naƙuda ta yi tsawo. Ƙa'idar da aka koya wa kowa guda ce, ba ta kuma buƙatar agogo: kada rana ta fito sau biyu mace na kan gwiwa. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa mutuwar mata wajen haihuwa ta ragu da kashi 73 cikin 100 tsakanin shekarar farko da ta uku, kuma sabon yoyon fitsari ya ɗauke a yankin.

Da wannan gogewa suka tunkari zubar jini, amma a wannan karon a faɗin ƙasa, tare da ofishin ministan kiwon lafiya. Galibin zubar jinin bayan haihuwa na faruwa ne idan mahaifa ta saki, ta kasa tsukewa ta danne jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. Mace na iya mutuwa cikin sa'o'i biyu. Maganin da aka fi amincewa da shi, allurar oksitosin, sai an adana shi a firji, alhali zafin Nijar na wuce digiri 40 kuma ba kowace cibiya ce ke da wutar lantarki ba. Misofurostol kuwa ƙwaya ce, tana jure zafi, ba ta buƙatar mai yin allura.

Matsala ta farko ita ce gane cewa jinin ya yi yawa, domin ido na ruɗin ma'aikaci, yakan ɗauka kaɗan ne. Sai aka koma ga zanen da kowace mace ke zuwa da shi. An lura cewa zane na shan jini kusan rabin lita kafin ya jiƙe sharkaf, wato daidai iyakar da likitoci ke cewa an shiga haɗari. Ungozoma na shimfiɗa shi a ƙarƙashin maijego bayan jariri ya fito. Da zarar ya jiƙe, babu sauran jira ko shawara.

Daga nan matakai uku ne a jere. Na farko, a sa mata ƙwayoyin misofurostol a ƙarƙashin harshe. Idan bayan kamar minti 20 jinin bai tsaya ba, sai mataki na biyu: a ɗaura kororon roba a bakin siririyar robar asibiti, a tura shi cikin mahaifa, a ɗura masa ruwan leda har ya kumbura ya danne bangon mahaifar ta ciki. Idan har yanzu tana zuba, ko ta fara fita hayyacinta, sai na uku: a naɗe ta da rigar matsi. Riga ce ta roba mai kauri, an yanka ta gaɓa-gaɓa, ana ɗaurawa daga idon sawu zuwa cinya, zuwa ƙugu, a ƙare a ciki inda wani dunƙule ke danne mara. Tana mayar da jini zuwa zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, ta ba da sa'o'in da za a kai mace inda za a ƙara mata jini ko a yi mata aiki. Bayan an gama a wanke ta da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a ajiye wa wata.

Dole a faɗi iyakar binciken. Kwatanta kafin da bayan aka yi, babu wani rukunin asibitoci da aka bari ba a taɓa ba domin gwadawa. Kuma haihuwar asibiti kaɗai ya ƙirga, alhali mata masu yawa har gobe a ɗaki suke haihuwa. Duk da haka, samun irin wannan sauyi a ƙasa guda sukutum, ya kuma ɗore shekara shida, abu ne da ba a saba gani ba.

Kowane mataki da asalinsa

Idan aka bi salsalar matakan nan uku, za a ga yadda ilimi ke yawo tsakanin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Dabarar kororon roba ta Farfesa Sayeba Akhter ce ta Bangladash, wadda ta ƙirƙiro ta a wani asibitin Daka a farkon shekarun 2000, saboda na'urar da ake sayarwa don wannan aiki ta fi ƙarfin asibitinta. Rigar matsi kuwa, an gwada ta kan masu haihuwa a Masar da Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Suellen Miller ta Jami'ar Kalifoniya, tare da Farfesa Oladosu Ojengbede na Ibadan da Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano. Asibitocin Kano da Katsina na cikin wuraren gwajin, kuma a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rigar cikin shawarwarinta. Wato jinin matan Hausa na wancan gefen iyaka ya taimaka wajen tabbatar da abin da ya ceci na wannan gefen. Gudummawar Nijar ita ce haɗa dabarun wuri guda, da nuna cewa za a iya kai su har cibiyar lafiyar ƙauye.

Watanni kaɗan bayan fitowar binciken Nijar, a Mayun 2023, mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata sama da 210,000. Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagoranta, Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero kuma ta riƙe ɓangaren Nijeriya. Su leda mai ma'auni suka shimfiɗa a madadin zane, kuma maimakon bin matakai ɗaya bayan ɗaya, a lokaci guda suke murza mahaifa, su yi allurar oksitosin da ta tsayar da jini, su ƙara ruwa, su duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Bincike biyu, a shekara guda, daga Yamai da Kano, sun taru a kan magana ɗaya: a auna jinin da wuri, a kuma yi abin da ya kamata nan take.

Abin da ƙirge ba ya nunawa

Akwai wasu malaman a Yamai da ba sa riƙe wuƙar fiɗa amma bincikensu ya shafi ɗakin haihuwa kai tsaye. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna wajen zama a asibitoci tana kallon abin da ke gudana a zahiri. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 2003, kan manyan birane biyar ciki har da Yamai, ya fito da yadda ake karɓar mara lafiya: tsawa, wulaƙanci, fifita wanda ke da sani ko kuɗi. Ya kuma nuna matsin da ma'aikatan kansu ke ciki, na ƙarancin kayan aiki da yawan jama'a. Macen da aka zaga a haihuwar fari, da wuya ta dawo a ta biyu, ko da an cika ɗakin da magani.

Cibiyar ta kuma bi diddigin tsarin kyauta. A 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki, tsarin iyali da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jama'a sun ƙaru a asibitoci. Amma baitulmali ya riƙa jinkirin mayar wa cibiyoyin kuɗinsu, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantunan magani na asibiti suka bushe, aka koma rubuta wa dangi takarda su je su sayo a waje.

Marigayiya Hadiza Moussa, ita ma ta LASDEL, ta taɓo wani gefen da masu ba da tallafi ba su cika kulawa da shi ba. Littafinta da ya fito da Faransanci a 2012, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 2023, ya yi nazarin matan Yamai iri biyu: masu neman haihuwa ido rufe, da masu neman hutu da ita a ɓoye. Ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifin rashin haihuwa ko da matsalar daga mijin take, da yadda take zarya tsakanin asibiti, malamai da masu maganin gargajiya, ga fargabar kishiya ko saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Amma da yake an san Nijar da yawan haihuwa, kuɗin bincike ya fi karkata ga tazarar haihuwa, ita kuwa wadda ake yi wa gorin juya ba a cika jin muryarta ba.

Wa ke riƙe da akala?

Duk da nasarorin nan, akwai abin dubawa. Manyan binciken da suka fitar da sunan Nijar, kusan duka da kuɗin waje aka yi su, kuma sau da yawa sunan baƙo ne ke kan gaba a jerin marubuta, har da maƙalar Lancet ɗin. Mai kuɗi kuwa shi ke da rinjaye wajen zaɓen abin da za a bincika. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma an ga haka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki, magunguna suka maƙale a hanya, wasu masu tallafi suka dakata. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai kuma Amurka ta zabge tallafinta na lafiya a duniya a 2025. Yankin Tera da Bankilare, inda aka fara gwajin, yau yana cikin wuraren da rashin tsaro ya fi addaba.

Sai batun harshe. Malaman Yamai da Faransanci suke yawan rubutu, a mujallu irin su Médecine d'Afrique Noire da Mali Médical, waɗanda manyan rumbunan ƙirgen maƙalu na duniya ba sa ɗaukar wasunsu. Duk wanda ya auna su da wannan ma'auni zai raina aikinsu. Ƙarin girmansu yana hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai aka kafa ta a 1968, hedikwatarta kuma na Wagadugu. Takwarorinsu na Kano, Zariya da Sakkwato kuwa da Turanci suke rubutu, a ƙarƙashin wani tsari dabam. Sakamakon haka, likitan Yamai ya fi samun sauƙin haɗa maƙala da na Faransa a kan na Kano, alhali tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, kuma matan da suke dubawa harshensu ɗaya, al'adar goyon ciki da wankan jego ɗaya, dangi ɗaya ne ma a wurare da dama.

A Maris ɗin 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan dama ce da bai kamata fannin lafiya ya bari ta wuce ba. Abin da aka gano kan zane da rabin litar jini, da ƙa'idar fitowar rana sau biyu, bai dace ya tsaya a mujallar Landan ba. Ya kamata a ji shi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da sauran harsunan ƙasa, a gidajen rediyo, a wuraren awo, da majalisun maza irin makarantun mazaje da aka fara a jahar Damagaram, domin sau da yawa miji ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota.

Malaman Yamai sun yi nasu: sun ƙirga, sun gwada, sun horar, sun kuma nuna wa duniya cewa talauci ba hujja ba ce ta barin mace ta mutu da jini. Saura gwamnati ta ware wa binciken lafiyar mata kaso a kasafin kuɗinta, ta biya asibitoci bashinsu a kan kari, ta tabbatar misofurostol da rigar matsi ba su yanke a kowace cibiya ba. Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Bayero su zauna su tsara bincike na haɗin gwiwa a tsakaninsu, ba sai wani ya gayyace su daga Turai ba. Mai karatu kuma, idan akwai mai ciki a gidanka, ka tabbatar tana zuwa awo, ka tanadi abin hawa tun watan bai kama ba, ka kuma shirya ba da jininka idan an nema.